Muhawara: Wankan jego, kunun kanwa da ruwan jariri, wanne za a riƙe, wanne za a bari?

Baiwar Allah:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, na roƙi shugabar zaure ta sakaya sunana, domin cikin fari ne, kuma akwai dangin maigidana a nan. Cikina ya shiga wata tara, an kuma riga an tsayar da magana cewa da zarar na sauka za a kai ni gidanmu wanka, kamar yadda aka yi wa yayyena biyu. Mahaifiyata ta tanadi itace, ta sa an wanke rabin duron da ake dafa ruwa a ciki, ta auno gero da jar kanwa, har ta yi magana da dattijuwar da za ta riƙa zuwa safe da yamma tana yi mini wanka. A wurin awo kuma an ja mana kunne cewa kada mu sha kunun kanwa, kada a yi mana wanka da tafasasshen ruwa, kada a gasa cibiyar jariri, kuma kada a ba shi ko ɗigon ruwa sai ya cika wata shida. Da na faɗa wa Mama, sai ta yi shiru, can ta ce haihuwa takwas ta yi da wannan ruwan da wannan kunun, kuma ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Ba na so in saɓa mata, ba na kuma so in cuci kaina ko abin da zan haifa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Hajiya Yalwa:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya sauke ki lafiya, ya raba ku da rai da lafiya. Ni haihuwata tara, kuma na yi wa 'ya'yana mata biyar jego da hannuna, saboda haka ina da abin cewa. Mahaifiyarki ba ta nufinki da sharri. Jikin mai jego ɗanye ne, idan aka bar shi haka sanyi ya shige shi, mace takan yi shekaru tana fama da ciwon baya da ciwon mara. Ruwan zafi da ganyen darbejiya ko na runhu shi ke gasa jiki, ya fitar da dattin ciki, ya mayar da mace yadda take. Abin da yaran yanzu ba su gane ba shi ne, wankan nan ba ruwa ne kaɗai ba. Kwana arba'in ne da mace ba ta daka, ba ta girki, ba ta wanki, ba ta ɗaukar tulu. Ana kawo mata tuwo mai zafi da miyar kuka, da farfesun ƙauri wanda miji ya aiko, da gasasshen nama da yajin jego, tana ci tana barci, uwarta na riƙe mata jariri da dare. Na ga waɗanda suka ce sun waye, suka zauna a gidan miji su kaɗai, kwana huɗu da haihuwa suna tsugune gaban murhu suna wanke-wanke, ido ya faɗa, nono ya ƙi zuwa. Ki je gida ki yi wankanki.

Sista Maman Sadiƙ:
Hajiya, ina gaishe ki da girmamawa, kuma rabin maganarki na sa hannu a kai. Shekarata 19 ina karɓar haihuwa, kuma babu abin da nake yi wa masu jego fata kamar hutun arba'in ɗin nan da abinci mai kyau da hannun uwa a kusa. Ba mu hana zuwa gida wanka ba, ba mu kuma hana ruwan zafi ba. Abin da muke hanawa shi ne ruwan da aka sauke yana tafasa, a tsoma ganye a fyaɗa wa mace a jiki kafin a sirka. Na sha wanke ƙuna a cinya da ƙasan mara da nono, na kuma sha ganin ɗinki ya warware saboda an zaunar da mace cikin ruwan da hannu ba ya iya jurewa. Ma'aunin mai sauƙi ne: wadda za ta yi wankan ta tsoma gwiwar hannunta a ciki ta bar ta, idan ta kasa, to mai jego ma ba za ta iya ba. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri kuwa, ba a fyaɗa mata ganye a ciki ko kaɗan har sai wurin ya warke.

Kanwa ce ba ni da sassauci a kanta. Dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana kuma ɗaga hawan jini, alhali makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne da jiki ke ƙoƙarin fitar da ruwan da ya tara tsawon wata tara. Macen da ƙafarta ta kumbura a lokacin ciki, ko aka ce jininta ya hau, idan aka ɗora mata kwano biyu na kunun kanwa kullum, an ƙara wa zuciyarta kaya. Jijjiga ma ba ta tsaya ga mai ciki kaɗai ba, tana iya kama mace bayan ta sauka.

Baban Hanifa:
Ku yi mini afuwa da shiga maganar mata, amma abin ya faru a ɗakina, shi ya sa na kasa yin shiru. A haihuwarta ta uku, maiɗakina ta yi wanka a gidansu cikin watan Afrilu, ana tsananin zafi. Wajen mako na biyar ƙafafunta suka kumbura, ta fara tari da dare, idan ta kwanta sai numfashi ya gagara, sai ta tashi ta jingina da bango har asuba. Da na je dubiya na same ta zaune a bakin gado, ta tara matasai uku a bayanta, jaririyar na kuka a gefe, ita kuwa ba ta iya ɗaga ta zuwa ƙirji ba sai an miƙa mata. Dattawan gidan suka ce sanyi ne ya shige ta saboda ruwan bai yi zafi sosai ba, aka ƙara itace, aka ƙara kanwa a kunu. Ni ma na yarda, domin abin da na taso na ji ke nan. Sai da ta kai ba ta iya tafiya daga ɗaki zuwa makewayi sannan muka ɗauke ta zuwa asibiti, inda aka yi hoton zuciya aka ce zuciyar ta buɗe, ba ta harba jini yadda ya kamata. Ta yi kwana 16 a kwance, kuma har yau tana shan magani, an kuma gargaɗe mu game da sake ɗaukar ciki. Ba na zargin surukata, domin ita ce ta fi kowa kuka. Kaina nake zargi, da na ga mace tana kwana a zaune har mako guda ban ce a tafi asibiti ba.

Hajiya Yalwa:
Allah ya ƙara mata lafiya, ɗana. Amma ka bar ni in tambaya, domin ina son gaskiya. Mu duka a ƙauyenmu mun sha kanwa, mun yi wanka, wasu har kwanciya suke yi a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. In da kanwa ce ke buɗe zuciya, ai da babu wadda za ta rage a cikinmu.

Dakta Abu Yusra:
Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma likitoci sun daɗe suna yin ta. A shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matan yankin fiye da yadda aka sani a wasu ƙasashe, kuma ya fi tsananta a watannin zafi da damina. Suka danganta shi da abubuwa uku da kika ambata: kunun kanwa, wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gado mai wuta. Bayaninsu shi ne, kanwa na cika jijiyoyi da ruwa, zafi kuma na tilasta wa zuciya ƙara gudu, sai nauyi biyu su haɗu a kanta. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake bin lamarin, suka gano cewa yawancin masu wannan ciwo matalauta ne marasa isasshen abinci, kuma jininsu na da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam. Ke nan ba kanwa kaɗai ke haddasa shi ba, kuma gaskiyarki ne cewa mata da yawa sun sha sun tashi lafiya.

Sai dai ga inda nake tsayawa. Ba mu da hanyar da za mu duba fuskar mai jego a gida mu ce wannan zuciyarta za ta ɗauka, wannan ba za ta ɗauka ba. Kanwa kuma ba ta ƙara ruwan nono, abin da ke ƙara shi shi ne yawan tsotson jariri da ƙoshin uwa da shan ruwa. Tunda amfanin da ake nema ana samunsa a kunun gyaɗa ko kunun tsamiya ko koko, ban ga dalilin ɗaukar kasadar ba. Waɗanda abin ya kayar a zamaninku kuma, Hajiya, ba su nan balle su ba da labari, an ce sanyi ne ko iska ko ajali, aka rufe maganar.

Ga duk mai jego da mai kula da ita, alamomin da ba a kwana da su a gida su ne: kumburin ƙafa ko fuska, haki ko kasa kwanciya a miƙe, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, zazzaɓi, jini mai wari, da jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin ƙasa da awa guda. Zubar jini ita ce kan gaba wajen kashe mata a haihuwa, kuma abin da ya kai rabin lita, wato mililita 500, ya riga ya wuce ƙa'ida.

Maman Rukayya (Damagaram):
Ina gaida kowa. Ni maganar ruwan jariri ce ta fi tsaya mini, domin a nan wurinmu idan bazara ta kama, babba ma ba ya awa guda bai nemi randa ba. Lokacin da na haifi ɗiyata ta farko, kakarta ta ce hana jariri ruwa a wannan zafi zalunci ne, kuma wallahi a zuciyata na ga kamar tana da gaskiya. Sista, mene ne hujjar, ta yadda za mu iya faɗa wa iyayenmu ba tare da mun ce kawai likita ya hana ba?

Sista Maman Sadiƙ:
'Yar uwa, hujjar tana cikin nonon kansa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa idan jariri ya kama ya fi tsinkewa, shi ne mai kashe ƙishi, mai kaurin yana biyowa baya. Cikin jariri sabon haihuwa ɗan ƙarami ne ƙwarai, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, sai ya rage tsotso, nonon uwa kuma ya ragu. Sannan ruwan randa ko na rijiya ko na leda da babba ke sha lafiya yana iya sa jariri gudawa, gudawa kuwa tana ƙarar da jariri cikin kwana ɗaya ko biyu. A lokacin zafi uwa ce za ta yawaita shan ruwa, ta kuma yawaita ba shi nono, sau 8 zuwa 12 a yini da dare ko fiye. Idan ana son a tabbatar wa kaka cewa ba ya jin ƙishi, a nuna mata fitsarinsa: jaririn da ya wuce kwanakin farko yana jiƙa zane sau shida ko fiye a rana, fitsarin kuma ba ja ba, to ya ƙoshi.

Haka nan dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda wasu ke matsewa su zubar suna cewa bai da kyau. Shi ne rigakafin farko na jariri, kuma ana so a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata. Wankan farko ma a jinkirta shi zuwa awa 24, a goge shi kawai a rufe shi, domin sanyi na saurin kama sabon haihuwa.

Malam Abu Fatima:
Bismillah. Na ga ya dace in raba abin da yake addini da abin da yake al'ada, domin sau da yawa a nan ake samun cikas da iyaye. Wankan jego da kunun kanwa da cire beli al'ada ce, babu wanda ya yi zunubi don ya bar su, kuma matan Musulmi a wasu ƙasashe ba su san su ba. Abin da shari'a ta yi magana a kai shi ne jinin biƙi, wanda a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60 ne, kuma idan ya ɗauke kafin nan, ko da bayan kwana goma ne, mace za ta yi wankan tsarki ta ci gaba da salla, ba sai ta jira arba'in ba. Shayarwa kuwa Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika ta, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, kuma ayar ta ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita a kan uba. Ina so maza su lura da wannan, domin ragon suna ba ya sauke nauyin abincin mai jego.

Game da tauna dabino a shafa a dasashin jariri, ya tabbata a sunna, amma shafawa ce ta ɗan abin da bai kai a haɗiya a ƙoshi ba, sau ɗaya. Ba hujja ba ce ta ɗura wa jariri rubutu ko jiƙo ko zuma kullum. Addu'a kuwa ana tofa masa ita, babu inda aka ce sai ya sha.

Dakta Abu Yusra:
Allah ya saka da alheri, Malam. Zuma musamman ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri, wadda hanjin babba ke iya kashewa amma nasa bai kai ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni cibiya da beli nake so a yi magana a kansu, domin a nan na ƙone. Ɗana na biyu an gasa masa cibiya da tsumma da ake ɗorawa a kan murfin tukunya mai zafi, ana kuma shafa man zafi da man goge baki don ta yi saurin faɗuwa kafin suna. A kwana na shida gindin cibiyar ya yi ja, yana fitar da ruwa mai wari, yaron ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi. Ranar da ya kamata a yi suna muna ɗakin jarirai a asibiti, ana neman jijiya a bayan hannunsa. Allah ya tashe shi, amma tun daga nan ban sake yarda an sa wa cibiya komai ba sai maganin da aka ba ni. Abin da har yanzu na kasa shi ne beli. Wanzamin gidan mijina ya gaji aikin daga ubansa, kuma kakan yara ba ya jin magana a kan haka.

Sista Maman Sadiƙ:
Sannu, Maman 'Yan Biyu, Allah ya raya shi. Maganin cibiya shi ne kulohezidin mai kashi 4 cikin 100, wanda ke zuwa kamar man shafawa a ɗan bututu. A wanke hannu da sabulu, a shafa sau ɗaya a rana tun daga ranar haihuwa, a bar wurin a buɗe, kada a ɗaure, kada a haɗa da wani abu. A kiyaye ƙwarai kada ya kusanci ido, domin an samu waɗanda suka ɗauke shi maganin ido suka jawo wa jarirai makanta. Cibiya takan faɗi da kanta tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, kuma babu laifi idan ranar suna ta zo tana nan.

Beli kuwa halitta ce, kowa da shi aka haife shi, ba ya toshe maƙogwaro, ba ya hana tsotso. Yanke shi na jawo zubar jini a wurin da ba a iya dannewa, ga haɗarin cutar sarƙe haƙora da ciwon hanta idan ƙarfen ya taɓa wani. Abin da na ga yana aiki shi ne uba ya sami wanzami tun kafin ranar, ya biya shi haƙƙinsa cikakke har da abin da ya saba samu na nama, ya ce aski kawai ake so, da sabuwar reza. Yawancin wanzamai ba sa jayayya idan ba a taɓa rabonsu da mutuncinsu ba. Wannan magana ce ta maza, bai kamata a bar wa mai jego ita ba.

Sai ciwon shawara, wato rawayar ido da jikin jariri. Ku riƙa duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana kowace safiya a makon farko. Idan rawaya ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko zuwa ciki da tafin hannu, ko yaron ya yi lakwas ya ƙi nono, a tafi asibiti a sa shi a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, domin shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa, kuma idan ta hau ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. A kuma cire kafur daga akwatin kayan jariri, domin yana fasa jinin wasu yaran ya tayar da shawara mai tsanani. Kafin ku bar asibiti ku tabbatar an yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta, an kuma ɗiga masa maganin shan inna, sannan a koma a mako na 6 da na 10 da na 14.

Hajiya Yalwa:
Na karanta duka, jikata ce ke karanta mini inda idona ya gaza. Maganar kanwa na karɓa, domin labarin Baban Hanifa ya tuna mini da wata ƙanwar mahaifiyata da ta rasu tana jego da kumburi, muka ce sanyi ne. Ruwan wanka kuma dama ni ina sirkawa, masu fyaɗa shi yana tafasa ganganci suke yi. Maganar hana ruwa har wata shida ce zuciyata ba ta gama kwanciya da ita ba, ba zan ɓoye ba. Amma 'yata mai tambaya, ga shawarata a kan mahaifiyarki. Kada ki je mata da "an ce a asibiti", domin za ta ji kamar kin ce ba ta iya ba. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, ta zauna ta ji da kunnenta, ta yi tambayarta da bakinta. Ki kuma sa mijinki ya kai gyaɗa da shinkafa da tsamiya gidan tun yanzu, ya ce na kunun mai jego ne. Babu uwar da za ta bar kayan da suruki ya kawo ta dama wani abu dabam.

Baiwar Allah:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Hajiya, jiya Talata Mama ta raka ni awo, kuma ta daɗe tana magana da ungozomar da ke duba mu, har ta karɓi maganin cibiyar ta ɗaure a bakin zanenta. Ta yarda a bar kanwa, ta ce za ta ba maƙwabciyarmu mai awaki, ta kuma ce ita da kanta za ta riƙa gwada ruwan kafin a yi mini wanka. A kan ruwan sha ta ce za ta zuba ido ta ga fitsarin yaron tukuna. Maganar wanzami tana hannun maigidana, ya ce zai sami mahaifinsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sista, saura tambaya ɗaya: gidanmu yana da nisa da asibitin da nake awo, kusan tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Idan na sauka lafiya, kwana nawa ya kamata in yi kafin a ɗauke ni zuwa can, kuma a ina za a riƙa duba ni da jaririn?

Sista Maman Sadiƙ:
Ƙanwata, kada ki bar asibiti kafin awa 24 ta cika, domin a cikinta ne jini ya fi ɓallewa. Bayan nan ana so a sake duba ku a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma a mako na shida. Idan zai yiwu, ki zauna a ɗakinki har a yi dubawar kwana na uku, Mama ta zo ta same ki, sannan ku tafi tare. Ki tafi da katinki na awo da katin rigakafin yaro, kuma tun kafin ki sauka maigidanki ya je ya gano asibitin da ya fi kusa da gidanku, ya tambaya ko suna kwana da ma'aikaci, ya kuma karɓi lambar direban da zai iya fitowa da dare.